Yadda Za Ka Ƙera Jirgin Ruwa Mai Rimot Ka Tsira Daga Kasuwar Tumatir

Ɗan'uwa, gyara zama. Idan ka bi abin da zan shimfiɗa maka a nan tiryan-tiryan, na yi maka alkawari biyu. Na farko, za ka ƙera ɗan jirgin ruwa na wasa mai aiki da batir, wanda ake tuƙa shi daga tudu da rimot, mai gudun da ba a taɓa ganin irinsa ba daga Agege har bakin teku. Na biyu, surukinka zai sakar maka mara. Ban ce wataƙila ba, ban ce sai an dace ba. An gwada, an gani.

Kada ka nemi takardar shaida a wurina. Ni ne Ɗanbaba mai aski, shagona yana bakin layin dogo a Zangon Agege. Ban taɓa shiga kwalekwale ba, kuma ba ni da niyya. Ko doguwar gadar nan ta Eko, a cikin Legas, muka hau a danfo, wato bas ɗin haya, ido nake runtsewa in yi ta salati har sai na ji taya ta taka ƙasa. Amma shagona yana kallon shagon Badaru mai gyaran rediyo, kuma duk abin da ya yi a kan idona ya yi shi. Mai kallo kuwa ya fi mai yi sani, domin shi mai yi hankalinsa ba ya jikinsa.

Mataki na ɗaya: Nemi suruki mai son ka da alheri

Magidanci mai hankali ba ya wayar gari ya ce zai ƙera jirgin wasa. Sai an matsa masa. Saboda haka ka fara da neman suruki irin Alhaji Hamidu.

Alhaji Hamidu dillalin tumatir ne a kasuwar Mile 12. Dattijo ne mai kirki, ba ya faɗa, ba ya dariya, idan ya ce "to" an rufe magana. Shi ya ba Badaru 'yarsa Kalsum, kuma bai taɓa yi masa gori ba. Sai dai tun da kayan tokumbo, gwanjon ƙasashen waje, suka cika Legas, rediyo ta yi araha kamar gyaɗa, ta lalace a yar a sayi wata, shagon Badaru ya koma wurin hira. Alhaji ya duba ya ga 'yarsa na shan garin kwaki fiye da kima, sai ya yanke hukunci: bayan ƙaramar Salla, lokacin da tumatirin rani ke fara sauka, Badaru zai rufe shago ya koma Mile 12, ya riƙa tsaya masa a kan motocin da ke zuwa daga Arewa.

A wurin Alhaji wannan gata ne. A wurin Badaru mutuwar tsaye ce. Shagon na mahaifinsa marigayi ne, a nan ya koyi riƙe ƙarfen narka dalma tun kansa bai kai tebur ba, kuma ƙaurin dalmar nan da ke sa ni atishawa shi ya fi masa turare. Yana son shagon nan kamar ransa.

To me ya ce wa Alhaji? Kai ma ka sani. Ya tuɓe takalmi, ya tsugunna, ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya ƙara girma. Sannan ya zo ya zube a bencina kamar an zare masa laka. A nan ya yanke shawara, tunda baki ba zai iya yi wa suruki musu ba, hannu zai yi. Zai ƙera abin da idan Alhaji ya gani zai ce wannan hannu bai kamata a ɓata shi a kan kwando ba. Hoton jirgin kuwa a jikin wata tsohuwar mujallar Turawa ya gan shi, wadda aka naɗe masa tsire a ciki. Kai ma ka riƙa duba takardar tsirenka kafin ka yar.

Mataki na biyu: Yi masa ciki biyu

Jirgi mai ciki ɗaya na masu kamun kifi ne. Kai gudu kake nema. Ka yi siraran kwalekwale guda biyu, kowanne tsawon kamu ɗaya da rabi, ka jera su kafaɗa da kafaɗa, ka haɗa su da rufi a sama, ka bar rami a tsakani. Idan ya ɗauki gudu iska za ta shiga ramin nan ta ɗaga shi, sai ya zama ɗuwawunsa kaɗai ke taɓa ruwa. Turawa suna ce masa katamaran. Mu a Zango Tagwaye muka sa masa, ba mu da lokacin karya harshe.

Katako kuwa, ka je bayan masana'antun Ilupeju ka tsinto siririn falankin akwatunan da suke zubarwa. Ka cika cikin da farin soson nan da ake naɗe sabon firji da shi, don ko ya sha ruwa kada ya nutse. Ka liƙe da gam, ka goge, ka sake liƙewa, ka sake gogewa, har sai yatsunka sun daina jin zafin kofin shayi.

A wannan mataki za ka sha baki. Uwaisu mai shayi ya leƙo ya ce makarar mage ce. Wani ya ce takalman Basamude ne. Kada ka kula su. Ni ma na faɗi tawa, amma ni a matsayin malami na faɗa.

Mataki na uku: Shiga Katanguwa da fuskar tausayi

Inji da batir da rimot duk suna kasuwar gwanjo ta Katanguwa. Ka nemi mataccen abin huda katako mai caji, ka cire injinsa. Ka nemi fitilun caji da suka mutu, ka kwashe batiran da ke da sauran numfashi. Sannan ka nemi motar wasa ta tokumbo mai rimot, irin wadda ɗan Bature ya gaji da ita, ka yashe cikinta.

Idan mai kaya ya tambaye ka, ka ce na yaronka ne. Kada ka kuskura ka ce naka ne. Ɗan kasuwar Legas yana tausayin uba, amma idan ya gane mai gemu ne ke wasa, sai ya ninka.

Farfela ita kaɗai ba a saye. A kicin ɗin matarka take. Badaru ya fara da cokali, ya wuce ludayi, ya ƙare a murfin tukunyar da aka kawo wa Kalsum a kayan ɗaki. Ranar da ta nemi murfin ta rasa, ta zo har ƙofar shago da mayafinta, ta tsaya tana kallon guntun da ya rage. Na ajiye almakashi na gyara tsayuwa don kallo. Sai na ji ta ce masa a hankali, ita a cikin warin ruɓaɓɓen tumatir ta girma, kullum babanta ya dawo da shi a riga, kuma ba ta yi aure don ta koma wankinsa ba. Saboda haka ya yanka murfin da kyau, idan bai isa ba akwai na tukunyar miya. Wallahi na ji haushi, na riga na sa rai da rigima. Ka nemi mace irin Kalsum. Idan ba ka da ita, ka tsaya a cokali.

Mataki na huɗu: Cire duk abin da ke hana gudu

Nan ake bambanta gwani da ɗan koyo. Motar wasan da ka yashe tana da gaba, tana da baya, tana da tafiyar sannu. Duk nauyi ne. Badaru ya cire su ya bar abu biyu: sandar hagu ta juya jirgi, sandar dama ta ba da wuta. Ka tura ta gaba, wani ɗan hannu a cikin jirgin ya danne makunni, ya zauna a kai daram, ba zai ɗaga ba sai ka jawo sandar baya.

Na tambaye shi, a matsayina na mai hangen nesa, idan jirgin ya yi nisan da ya daina jin rimot fa? Ya ce ai a yadda aka bar shi zai ci gaba, har batir ya ƙare. Amma kada in damu, rimot ɗin yana kaiwa kamar daga shagona zuwa masallacin Juma'a, kuma shi zai riƙe, ya san inda zai juyo da shi. Na ce madalla. Amsa ce mai kyau, babu aibu a cikinta ko ɗaya.

Mataki na biyar: Jira ruwan sama

Ba a fafe gora ranar tafiya, dole ka gwada. Sai dai Agege ba ta da tafki, kwata gare ta. Kada ka gwada a bahon wanki a cikin ɗaki. Badaru ya yi, kafin ya ƙifta ido ruwan bahon ya koma kan katifa.

Ka jira ruwan sama irin na Legas, wanda ke mai da layinmu kogi. Ranar da aka tafka shi, Badaru ya naɗe wando ya ajiye Tagwaye a ƙofar shagona, ya tura sanda. Ɗan'uwa, ban ga tafiyarsa ba, ƙara kawai na ji, fiii! Ya ratsa ƙarƙashin wata danfo da ta mutu a ruwa, ya watsa wa kwandasta ruwan kwata a baki, Badaru ya karkata sandar hagu, ya yi kwana ya dawo ya tsaya a gabanmu kamar ba shi ba. Layi ya ɗauki tafi. Uwaisu ya ce shi dama tun farko ya san abin zai yi. Daga ranar har aka ɗan fara kawo wa Badaru fitilun caji gyara.

Akwai wata 'yar matsala. Shekarar ce wayar salula ta shigo, kuma rimot yana da doguwar eriya. Za a yi ta zuwa ana roƙonka a kira Kano a gaida tsohuwa. Ka ce babu sabis, kowa zai yarda.

Mataki na shida: Gayyaci surukinka ba tare da ka gayyace shi ba

Ba za ka je ka ce wa dattijo ya zo ya kalli wasanka ba. Ka gaya wa matarka, ita ta gaya wa gwaggonta. Gwaggo Fatu ta jira ranar da ƙanenta Alhaji ya ci tuwo ya ƙoshi, ta ce masa yaron nan yana da abin da yake so a sa masa albarka kafin azumi ya kama. Babba ba ya ƙin sa albarka. Alhaji ya ce to, ranar Lahadi bayan la'asar, a bakin ruwan Majidun, tunda kusa da kasuwa ne a kan hanyar Ikorodu.

Ka yi wa jirgin fenti, ka yi cajin batir duk lokacin da aka kawo wuta ko da kana tsakiyar loma ne, ka naɗe shi a zanen matarka. A danfo ka ɗora shi a cinya. Wata Bayarabiya da ke kusa da mu ta yi ta leƙe tana yi wa jaririn addu'a, ba mu gyara mata ba.

Ruwan Majidun ba kwatar Agege ba ne. Faɗi gare shi, kuma can gaba ya buɗe ya haɗe da babban ruwan Legas, iya ganinka. Ni dai na tsaya nesa, a inda ƙasa ta bushe, don malami yana bukatar ganin komai daga sama.

Mataki na bakwai: Yi tayi

Ka natsu, a nan karatun yake.

Alhaji ya iso da babbar riga, da mutum biyu daga cikin yaransa na kasuwa. Masu kwalekwale da 'yan unguwa suka taru. Badaru ya tuɓe takalmi a cikin taɓo, ya tsugunna ya gaishe shi, ya kwance zane ya sa Tagwaye a ruwa. Alhaji ya duba ya ce "Uhm." A bakinsa wannan babban yabo ne.

To kai Bahaushe ne. Ba ka sa hannu a kwano a gaban mutum ba ka ce bismillah ba, balle a gaban suruki. Kuma kowa ya san ƙa'idar tayi: kai ka miƙa, shi ya ce alhamdulillahi, kowa ya riƙe girmansa. Haka Badaru ya lissafa. Ya miƙa rimot da hannu biyu, kai a ƙasa, ya ce, "Bismillah, Baba."

Alhaji ya karɓa.

Ban san abin da ya shiga ransa ba. Wataƙila tun yana yaro ba wanda ya taɓa miƙa masa abin wasa. Ya juya shi, ya auna nauyinsa a tafin hannu yadda yake auna tumatir, ya tambaya ina ake taɓawa. Badaru ya nuna sandar dama da ɗan yatsa. Bai kai ga bayanin ta hagu ba, Alhaji ya ɗora babban yatsa ya tura har ƙarshe.

Tagwaye ya ɗaga hanci ya tsaga ruwa. Farin ruwa ya tashi a bayansa kamar ana sheƙar gero. Masu kwalekwale suka miƙe tsaye a cikin jiragensu, bakin ruwa ya ruɗe da ihu. Alhaji kuwa, mutumin da ko ranar auren 'yarsa ba a ga haƙorinsa ba, sai ga shi baki har kunne, yatsa a kan sanda ya danne kamar mai dangwala ƙuri'a.

Jirgi yana ta ƙanƙancewa. Na manta da tsoron ruwa, na matso na raɗa wa Badaru ya ce a jawo sandar baya, an kusa wuce masallacin Juma'a. Zufa ta jiƙa masa riga. Ya ɗago kai kaɗan, ya dubi jirgin, ya dubi fuskar Alhaji.

"Baba," ya ce, "da za a ɗan..."

"Na'am?" in ji Alhaji, bai ko waiwayo ba.

Badaru ya sake duban dariyar nan. Ya dubi yaran kasuwar biyu da ke tsaye suna kallon ubangidansu. Ya mai da kansa ƙasa.

"Allah ya ƙara girma," ya ce.

Haka muka tsaya har Tagwaye ya zama ɗigo, ɗigon ya ɓace. Can Alhaji ya gaji ya saki sandar. Ya jira, ya girgiza rimot, ya ɗaga shi sama, ya tambaya yaushe zai dawo. Wani tsohon mai kwalekwale ya ce da Yarabanci, a wannan gudun sai dai a tambayi mutanen Epe, can ƙarshen ruwan. Dariyar Alhaji ta ɗauke. Ya miƙa wa Badaru rimot, ya ce a gaida gida, ya juya.

Mataki na takwas: Yi shiru, ka fara haɗa kaya

Za ka dawo gida da rimot da zane. Kada ka yi magana a danfo. Ni ma ban yi ba, kuma ka san abin da wannan ke nufi a wurin mai aski. Wahalar watanni ta tafi, murfin tukunya ya tafi, hujjar da za a nuna ta tafi. Na ji tausayin Badaru ƙwarai. Washegari ya nemo kwali ya fara jera kayan aikin mahaifinsa ɗaya bayan ɗaya, yana goge kowanne kafin ya sa.

Ana cikin haka, wata Alhamis da hantsi, sai ga Alhaji Hamidu a Agege. Bai shiga gidan 'yarsa ba, bai shiga shagon mijinta ba. Shagona ya shigo, ya zauna a kujera ya ce a rage masa gemu, alhali Mile 12 cike take da masu aski. Na yafa masa ƙyalle. Badaru yana tsallaken layi, ya nutse a bayan teburinsa, amma layinmu ba shi da faɗin da zai ɓoye magana, kuma Alhaji ya ɗaga murya fiye da yadda aski ke bukata.

"Ɗanbaba, yaron nan ya san abin da ya kamata in yi da sandar nan?"

Na ce ya sani, Alhaji.

"Ya san zai tafi?"

Na ce shi ya haɗa shi, ya fi kowa sani.

Na ci gaba da rage gemu har na gama gefe ɗaya. Sannan ya ce tun ranar abin yana cin ransa. Bai taɓa jawo wa mutum asara irin wannan a gaban jama'a ba, kuma mutumin ya bi shi da addu'a.

"Wanda zai tsugunna yana kallon wahalarsa tana tafiya, don kada ya gyara wa babba a gaban yaransa," in ji shi, "idan na kai shi Mile 12, 'yan dako za su sayar da shi a haɗa da kwandon. Ba zai iya kasuwa ba. Ka gaya masa ya zauna a shagon ubansa."

Na ce zan gaya masa.

Ya tashi ya karkaɗe riga. Ya kai bakin ƙofa ya tsaya, idonsa a kan layin dogo, ba a kan shagon Badaru ba.

"Kuma abin yana gudu," ya ce. "Ka gaya masa wannan ma."

Da ya tafi na tsallaka don in isar da saƙo. Na tarar da Badaru zaune a ƙasa bayan tebur, ƙarfen dalmar mahaifinsa a hannu, hawaye sun wanke masa fuska. Ya ce hayaƙi ne ya shiga idonsa. Ƙarfen a sanyaye yake, tun safe ba a kawo wuta ba. Na ce haka ne, hayaƙin nan ba shi da kirki, na taya shi fito da kayan daga kwali.

Ba ruwan Ɗanbaba

Ka ga dai ban yi maka ƙarya ba. Amma ka sani, ba ni da alhakin murfin tukunya, ko jiƙaƙƙiyar katifa, ko abin da matarka za ta ce idan ba Kalsum ba ce. Idan ka yi tayi surukinka ya ce alhamdulillahi, tsakaninku. Idan kuwa ya karɓa, aka yi rashin sa'a ya iya tuƙi, ya yi kwana ya dawo da jirgin lafiya, sannan ya dube ka ya ce mai basira irinka yake nema a kasuwa tun tuni, to kada ka zo mini da ƙorafi. Ka sayi takalmin roba mai tsawo, an ce wajen sauke tumatir akwai caɓi.